Yadda Safiyanu Ya Kai Isaka Kokowar Buza

Safiyanu taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, saboda haka ina da ikon faɗin duk abin da na ga dama a kansa, shi kuma iyakarsa ya zage ni. Shekara goma sha ɗaya ya yi a Kotonu yana sayar da takalma, da ya tashi dawowa ƙauyenmu da ke bayan Tabotaki sai ya zo da mota. Fara ce sol, mai ɗan tsayi, da baƙin gilashi da ƙarafa biyu a kan rufi. Tun daga bakin gari ya danne oda, bai saki ba sai da ya tsaya a gindin gawon da muke zaman hira.

Ko sallama bai yi ba. Ya fito, ya daki rufin da tafin hannu, ya ce, "Ku zo ku ga kat-kat. Wagga ba ta san rairai ba, ba ta san dutsi ba. In nac ce mata ta hau gawon ga, hawa za ta yi."

Muka zagaye ta muna shafawa. Mutum ɗaya ne bai shafa ba, wato Baba Takawa. Shekara talatin ke nan yana jigilar albasa da mutane tsakanin Buza da Keita da Madawa, da wata tsohuwar kat-kat, wato motar daji mai ja da ƙafa huɗu, wadda ake ɗaure ƙofarta da igiya. Muni kam ta kai maƙura, ƙararta kuma tana riga ta shiga gari, amma ba a taɓa jin ta kwana a daji ba. Takawa ya cire hularsa ya ba ni, ya kwanta a ƙasa, ya tura kai ƙarƙashin motar Safiyanu. Ya daɗe a can.

Da ya fito ya ce, "Ɗana, ina shasi?"

"Wane shasi, Baba?"

"Ƙarhen da jikin mato ka zama bisa. Kat-kat ta gaskiya dogayen ƙarahuna biyu gare ta ƙasa, tun daga gaba hal baya, jiki dabam, gindi dabam. Wagga jikinta da gindinta dut abu guda na, awa kwanon sha. Kuma ƙahwahun gaba kaɗai ka ja, na baya rakiya sunka zo yi."

Safiyanu ya kalle mu yana dariya. "Kun ji hassada."

"Ba hassada ba ta," in ji Takawa yana kakkaɓe riga. "Ƙaramar mato ta anka ɗaga ma kai, kurosoba aka ce mata. Bisa kwalta ba ta da aibi. Ba ta shan mai da yawa, ba ta girgiza ƙashi, ta kai ka Yamai kana kwana. Amma nan Adar muke. Ina karabo?"

Karabo shi ne ƙaramin sandan giya da Takawa ke ja idan ya shiga rairayi, ƙafafu huɗu su kama tare, motar ta riƙa tafiya a hankali da ƙarfi. Safiyanu ya buɗe ƙofa, ya nuna wani maɓalli mai zanen layuka uku masu lanƙwasa. "Ga shi nan. Ku tsohhi sai kun ja sanda. Tawa dannawa akai, sauran da kanta taka tunani."

Takawa ya karɓi hularsa daga hannuna, ya ce Allah ya kiyaye hanya, ya tafi.

Da an bar maganar nan, da iyakarta cika bakin gindin gawo. Sai dai saura kwana huɗu a yi kokowar Buza, inda ake zaɓen waɗanda za su je babbar kokowar Tawa, mu kuma muna da Isaka. Isaka na Cima ƙato ne na gaske, mai ƙarancin magana, wanda ke ɗaukar buhun gero a kowace hamata. Shekara bakwai yana zuwa Buza ana kayar da shi a karon ƙarshe. Bana ya faɗa wa uwarsa cewa gwiwarsa ta fara magana, wannan ne zuwansa na ƙarshe. Ƙauyenmu bai taɓa fitar da ɗan kokowa zuwa Tawa ba, kuma dokar Buza ba ta da kara: bayan la'asar ake kiran suna, sau uku, wanda bai amsa daga cikin fili ba an shafe shi.

Akwai kuma dokar Baba Maiguwa, kawun Isaka. Gidansu ne ke riƙe da magungunan garin tun zamanin kakanni. Shi yanzu ba ya rasa sahun farko a masallaci, amma bai zubar da ƙwaryar gado ba. Kowace shekara yakan yi wa Isaka wanka da saiwoyi kwana uku, da sharaɗi guda: daga shimfiɗarsa har cikin filin kokowa, kada ƙafarsa ta taɓa ƙasa. Takawa ne ya saba kai shi. Yakan ja da baya har jikin buhunan yashin da aka kewaye fili da su, Isaka ya diro ciki.

Da aka zauna shirya tafiya, Safiyanu ya miƙe. "Ni in tambaye ku. Shekara bakwai wa ka kai Isaka? Wanga akwalan mato. Kahin shi isa Buza an girgiza mishi ƙashi, an juya mishi hanji, ya riga ya sha kaye tun bisa hanya. Ku ba ni shi bana. Kujera mai laushi, iska mai sanyi, shi isa awa ango."

Mutane suka fara gyaɗa kai. Gaskiya ni ma maganar ta shige ni, domin na taɓa shiga motar Takawa, kwana biyu ina tafiya a karkace.

Takawa ya ce, "In ta liƙe hwa?"

Safiyanu ya dafa ƙirji. "In mato tak kasa kai shi, ni Safiyanu bisa bayana za ni goya shi in kai shi cikin hili."

Inna Cima, uwar Isaka, tana bayan danga tana dama fura. Ta leƙo ta ce, "Kun dai ji shi, ko?" Aka ce an ji.

Ranar tafiya, Takawa ya tashi da sassafe da mata da masu rakiya, zai bi ta Tabotaki ya ɗauki makaɗa. Ya tsaya ƙofar gidan Safiyanu ya ce ya biyo shi a baya. Safiyanu yana wanke taya da soso ya ce, "Tahi abinka, Baba, mu ishe ka bisa hanya mu ba ka ruwa." Ba ya so ya isa fili ba kowa. So yake sai Buza ta cika ta batse, sannan farar mota ta ratso tsakiyar jama'a. Sai da aka yi azahar ya yarda a tashi.

Mutum huɗu suka ɗauko Isaka daga gado suka cusa shi a baya. Motar ta yi wani nishi, bayanta ya sauka har taya ta kusa ɓuya. Baba Maiguwa ya zauna kusa da shi da goransa. Ni kuma Safiyanu ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Kai Mahfuzu bawana, zamna gaba ka ɗauki hoto, jikokinka su gani."

Hanyar fita garinmu amalanke ne suka yi ta, rami biyu a gefe da tudu a tsakiya. Ba mu wuce rijiya ba muka ji ƙuuu a ƙarƙashinmu, mai tsawo, har cikin haƙori. Na waiwaya na ga wani baƙin faffaɗan roba kwance a hanya. A'i matar liman ta ajiye tulunta ta ɗauko shi, ta biyo mu tana ɗagawa.

"Safiyanu, kun yad da hwaihwanku."

Ya sauke gilashi kaɗan. "Ba na mato ba na, Inna. Marhin da anka sa mata cikin jirgin ruwa na. Dama hidda shi za ni yi."

"To na gode. In shanya kuɓewa."

A mararraba Baba Maiguwa ya nuna sawun tayar Takawa ya ce a bi nan. Safiyanu ya ce wannan hanyar masu tsoro ce, ta ƙorama ta fi kusa da rabi. Ya karya kan mota hagu.

Ƙoramar a bushe take a wannan lokaci, faɗinta ya kai tsawon gona, rairayi ne fari mai laushi, ga lambunan albasa a gaɓa biyu. Safiyanu ya shiga da gudu yana kirari. Muka yi kamar taku ashirin, gudun ya koma tafiya, tafiyar ta koma rarrafe, sannan muka tsaya. Injin yana ihu, tayoyin gaba suna watsa yashi sama, na baya kuwa ko motsi ba su yi ba.

"Yanzu za ku ga aiki," in ji Safiyanu. Ya danna maɓallin nan mai layuka uku, ya danna wani irinsa da ke gefena don ƙarin ƙarfi, ya sake taka mai. Gaban motar ya ƙara nutsewa. Can sai na ji kujerata ta ɗauki ɗumi. Na gyara zama. Ɗumin ya koma zafi, ga rana tsaka, ga gilashi a rufe.

Na ce, "Safiyanu, kujerag ga tana gasa ni."

Gumi na zubo masa, shi ma yana ta ɗaga gefe ɗaya yana saukewa, amma ya ce, "Ƙarhin injin na ka tasowa. Daure."

Daga baya muka ji cewa a ƙasar da motar ta fito, sanyi ne ke sa su ɗumama kujera. Wannan shi ne karabon Safiyanu.

Masu lambu suka ajiye aikinsu suka taho, babbansu wani mai suna Yaƙubu yana gaba. Ya zagaya motar, ya leƙa ciki, ya ga Isaka zaune ya harɗe hannuwa.

"A'a, ba Isaka na Cima ba na? Kuna da wanga cikin mato kuna neman masu turi? Shi hito shi ɗauke ta mana."

Baba Maiguwa ya bayyana masa sharaɗin. Yaƙubu ya cire hula ya sosa kai. Mutumin da ya fi kowa ƙarfi a ƙoramar shi ne ba zai iya turi ba, kuma nauyinsa ne ya danne motar. Wani ya ce a shimfiɗa masa tabarma ya tsaya. Maiguwa ya ce tabarma ƙasa ce da ta sa riga. Wani ya kawo jaki, jakin ya kalli Isaka ya ja da baya. A ƙarshe suka mirgino tano, wato duron da suke tara ruwa, suka kifa shi, mutum biyar suka zaro Isaka ta ƙofa suka ɗora shi a kai. Ya zauna ya tanƙwashe ƙafa a tsakiyar ƙorama, ga layu a damtse.

Aka kawo shanun noma biyu da igiya. Yaƙubu ya durƙusa yana lalube a gaban motar. "Ina ƙarhen da aka ɗaurewa? Ta Takawa ƙugiya gare ta nan, awa hannun mutum."

"Ɗaura ga farshok," in ji Safiyanu. "Wanga ko giwa ba ta hizge shi."

"Roba na hwa."

"Robar Turai ta. Ɗaura."

Aka ɗaura. Yaƙubu ya yi wa shanu tsawa, suka yunƙura. Farshok ɗin, wato makarin da ke gaban mota, ya fita ɗungurungum, da lambar mota da fitila ɗaya, ba tare da ya yi wata gardama ba. Shanun da suka ji kayan ba nauyi sai suka ƙara sauri, suka haye gaɓa suka shige lambu suna jan sa. Matan da ke cirar albasa suka zauna a ƙasa don dariya. Wata ta ɗaga murya ta tambaya ko sauran motar ma a guntu-guntu za a ƙetare da ita.

Safiyanu ya ce dama nauyi yake ƙara mata.

Sai da aka koma dabarar mutanen wurin. Suka haƙe yashi da hannu, suka jera karan dawa a gaban tayoyi, Yaƙubu ya rage musu iska kamar yadda ya ga Takawa yana yi, mu goma sha biyu muka sa kafaɗa. Da ƙyar ta fita ɗaya gaɓar. Aka ɗauko Isaka aka mayar. Yaƙubu ya ce a mayar wa tayoyi iskarsu kafin a hau dutse. Safiyanu ya buɗe bayan mota, sai ga manyan lasifika biyu sun cika wurin. Famfo da jak da tayar ajiya duk ya bar su a gida don su sami wuri.

Yaƙubu ya dube shi sama da ƙasa. "Takawa nan shika bi duk kasuwa da buhu ashirin, matonai tana tari tana wucewa. Kai mutum guda kaɗ ɗauko."

Inuwa ta riga ta karkata. Na ga Isaka yana kallon rana ta gilashi, ya kalli kawunsa, ya sunkuyar da kai. A nan dariya ta fita daga raina.

Bayan ƙorama hawa ne zuwa kan tudu, hanyar duk baƙaƙen duwatsu. Motar da dama cikinta kusa da ƙasa yake, ga tayoyi sun kwanta, ga Isaka. Baba Maiguwa ya ce a tafi a hankali. Safiyanu ya ce lokaci ya ƙure, kat-kat kuma da gudu take cin dutse. Dutse na farko ya gaishe mu, na biyu ya ja kunne, na uku ya daki cikinta da wata ƙara da ta sa goran Maiguwa ya yi tsalle. Nan take wata jar fitila ta kama a gaban Safiyanu, mai siffar buta da ɗigo a bakinta.

Na ce, "Mi ne na wanga?"

Ya kalle ta, sannan fuskarsa ta washe. "Kun ga mato mai addini. Buta ta. La'asar ta gabato, tana tuna muna alwala."

Baba Maiguwa ya juya yana duban baya. "To butar tana yoyo. Ga baƙin layi nan shina biyam mu tun daga dutsin can."

Safiyanu ya cire hularsa ya rataya a kan fitilar, ya ƙure kiɗa. Muka ci gaba a haka har muka hango rufin kwanon Buza a ƙasa. Injin ya fara ƙwanƙwasa kamar ana daka a turmin da ba hatsi, wari ya cika mota, sannan ya yi shiru gaba ɗaya. Gangara ce ta taimake mu, muka silalo ba sauti har bakin gari, kusa da wata tsohuwar rijiya, motar ta tsaya inda ta ga dama.

Safiyanu ya murɗa makulli sau goma. Ba ko tari. Daga inda muke ana jin ganguna, ana ganin tutocin fili can gaba, tafiyar da mai lafiya zai yi cikin minti goma. Hanya kuwa ba kowa. Masu kabu-kabu, masu amalanke, har masu sayar da ruwa, duk suna wurin kokowa. Na kira wayar Takawa sau uku, ganga ta hana shi ji.

Sai lasifikar fili ta ɗauka, muryar ta zo mana tar: "Isaka na Cima, kira na hwarko."

Tun da muka baro gida Isaka bai yi magana ba sai yanzu. Ya ce, "Kawu, shekara bakwai." Idonsa ya yi ja. Ya kai hannu ya buɗe ƙofa zai sauko da ƙafa. Wallahi tausayinsa ya kama ni har na ji kunyar dariyar da na yi a ƙorama. Maiguwa ya riƙe masa gwiwa da hannu biyu.

"Tsaya, ɗana. Akwai wanda yay yi alkawali gaban gari."

Muka juya gaba ɗaya muka kalli Safiyanu.

"Baba, wagga ai magana ta ta baki. Kowa ya san yadda aka magana gindin gawo."

"Cima ta tambaya ko an ji, anka ce an ji."

"Ina da ciwon baya tun Kotonu. Mahfuzu ya hi ni ƙashi."

Na ce ni ban yi wa kowa alkawari ba, hoto aka ce in ɗauka.

Isaka ya matso gaba. Ya miƙo hannu ta tsakanin kujeru ya ɗora a wuyan Safiyanu, a hankali, kamar mai gwada nauyin kabewa. Safiyanu ya fita, ya zagayo, ya durƙusa a bakin ƙofa.

Matsalar ita ce Isaka ya fi shi tsawo nesa ba kusa ba. Da ya hau, ƙafafunsa suka nufi ƙasa. Na cafke ta dama, Baba Maiguwa ya cafke ta hagu, muka ɗaga. Haka muka kama hanya, Safiyanu a tsakiya ya lanƙwashe, farar shaddarsa ta manne da gumi, mu biyu a gefe kowa da ƙafa a hannu. Taku ashirin na farko yana cewa ba nauyi. Daga nan ya koma salati. Da aka yi kira na biyu ya daina salatin ma, sai wani sauti yake fitarwa irin wanda motarsa ta yi a ƙorama.

"Danna maɓalli," na ce masa. Bai da numfashin zagina.

Mutanen da ke bayan fili ne suka fara ganinmu. Suka dare, na gabansu suka waiwayo su ma suka dare, hanya ta buɗe har cikin fili, daidai yadda Safiyanu ya yi mafarki, sai dai ba motar. Wayoyi suka tashi sama ta ko'ina. Makaɗan Tabotaki suka gane Isaka, suka juya kiɗa, marokinsu ya ɗauki kirari nan take yana tambayar jama'a wace ƙasa ake ƙera irin wannan abin hawa, kuma me yake sha. Na hango Takawa tsaye jikin motarsa a inda ya saba tsayawa, ya naɗe hannu. Bai yi dariya ba, kuma wannan ya fi dariya ciwo.

"Isaka na Cima, kira na ukku."

Saura taku biyar. Safiyanu ya rufe ido ya yi su a guje, ƙafarsa ta harɗe da buhun yashi, ya tafi da fuska cikin fili. Isaka ya tsallake ta kansa ya dira da ƙafa biyu a kan yashin fili, ya ɗaga hannu ya amsa da muryar da ta danne ganga. Inna Cima ta rangaɗa guɗa. Alƙalin wasa ya zo ya tsaya kan Safiyanu, ya duba shi da kyau, ya sanar a lasifika cewa an yi kayen farko na yau, sai dai wanda aka kayar ba ya cikin takarda. Mutum biyu suka ja shi waje ta ƙafa.

Abin da Isaka ya yi a filin nan ban taɓa ganin irinsa ba. Duk haushin da ya tara a kan tano da cikin mota ya sauke shi a kan bayin Allah da ba su san komai ba. Na farko bai gama kirari ba ya ji shi a ƙasa. Na biyu ya ɗan yi gardama. Na ƙarshe, wanda ya kayar da shi bara, Isaka ya ɗaga shi sama ya ajiye shi a zaune. Kafin rana ta faɗi an kira sunansa cikin masu zuwa Tawa, Baba Maiguwa yana kuka yana cewa yashi ne ya shiga idonsa.

Da aka tashi, Takawa ya ɗauke mu zuwa bakin rijiya, rabin Buza na biye da mu don su ga motar. Ya buɗe bayanta, ya ɗaga lasifikan, ya zaro wani ɗan ƙarfe mai zobe daga ƙarƙashin shimfiɗa, ya murɗa shi cikin wani rami a gabanta. "Nan aka ɗaure ta," ya ce wa Safiyanu. "Masu ƙera ta sun san za a ja ta, shi ya sa sunka aje ma wanga." Ya ja karabo, tsohuwar kat-kat ta yi tari biyu, ta ja farar mota ta tsakiyar kasuwa zuwa garaji, ƙofarta ɗaure da igiya.

Washegari da hantsi muka tarar da Safiyanu a gindin gawo, kwance rub da ciki a kan tabarma, an shafe masa baya da man shanu. Kuna tsammani ya yi shiru? Tun kafin in zauna na ji yana cewa, "Na ce ina kai shi, na kai shi. Ku hwaɗa mini, shekara bakwai wace kat-kat tat taɓa shiga cikin hili da kanta? Ni na shiga. Ba don ni ba da yanzu ana nan ana jaje."

Yana cikin haka Baba Maiguwa ya iso da maigari. Maiguwa ya zauna, ya ajiye goransa, ya ce, "Gaskiya yaf faɗi, kuma ita tak kawo ni. Na kwan ina tunani. Saiwoyin bana su na na bara. Wankan shi na. Sharaɗin shi na. Shekara bakwai ba su ci ba. Abu guda ɗai yas sake bana, shi na bayan yaron ga. To abin da yak kawo sa'a ba a taɓa shi. Takawa shi kai mu Tawa. Daga tasha zuwa hili, Safiyanu shi goya shi. Kullum, hal a ƙare kokowa."

Maigari ya ce magana ta yi. Jama'a suka ce magana ta yi, har da masu cewa Allah ya yi wa Safiyanu albarka, ya fitar da gari kunya. Safiyanu ya buɗe baki, ya tuna abin da ya gama faɗa yanzu-yanzu a gaban mutanen nan, ya rufe. Daidai lokacin Inna Cima ta wuce da ƙwaryar fura wadda sai da hannu biyu ake ɗaukarta, ta ce ta Isaka ce, mutanen Tawa manya ne, dole ya ƙara jiki kafin ranar.

Safiyanu ya bi ƙwaryar da kallo har ta shige gida. Sannan ya jawo jiki kusa da Takawa, ya rage murya yadda yake zaton ba mai ji.

"Baba, daga tashar Tawa zuwa hilin kokowa, da nisa?"

Takawa ya ɓare goro, ya ba shi rabi.

"Da ɗan nisa, ɗana. Amma kwantad da hankalinka, kwalta ta tun daga hwarko hal ƙarshe. Irin hanyarka ta."